Yadda za ka kama tarihin riƙon ƙwaryar Yariman Ingila, 1811 zuwa 1820, ya zauna maka a kai

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ɗiyar ƙanwata da ke karatun Ingilishi a iniversite ta Abdu Mumuni can Yamai ce ta zo hutu nan Tawa, rannan bayan isha'i muna zaune tsakar gida kuran ya ɗauke, sai ta ce mini kawu an ba mu ekspoze kan zamanin da Yarima ya riƙe mulkin Ingila, na yi karatu har idona ya yi ja amma da na rufe kaye sai komi ya watse, sunaye sun yi yawa, shekaru sun yi yawa, kuma abin da nike gani a fina-finai daban ne da abin da mushe ke faɗi. Na ce mata ɗauko kaye da bik da tocilan. Abin da munka yi a daren nan shi ne zan zayyana maku, don na san akwai ƴan lise da ƴan iniversite da yawa da ke fama da irin wanga.

Da farko dai ka tabbata wane riƙon ƙwarya kake nema. Mu da munka yi lakwal da Faransanci nan ne ake kayar da mu, don in ka rubuta Régence kawai a Google zai kai ka Faransa ne, zamanin da Filip na Orleyan ya riƙe wa Luwi na 15 gado yana ƙaramin yaro, daga 1715 zuwa 1723. Kusan shekara ɗari ke tsakaninsu, ƙasa daban, dalili daban. Na taɓa ganin ɗalibi ya cika shafi uku kan na Faransa alhali na Ingila anka tambaye shi, wallahi har yau abin na yi mini ciwo don yaron ya yi ƙoƙari. To ka rubuta Regency da Ingilishi, ko ka ƙara kalmar anglaise in da Faransanci kake nema. Sannan a saman shafinka ka sa shekaru biyu manya manya, 1811 da 1820. Za ka ga wasu marubuta sun faɗaɗa abin tun daga wajen 1795 har 1837, su suna maganar salon sutura da gine-gine da rayuwar zamanin ne gaba ɗaya. Riƙon ƙwarya na doka shekara tara ne.

Na biyu, ka gane dalili kafin ka haddace komi. Sarki Joji na 3 ya hau gado tun 1760. Yana da lalurar taɓin hankali mai zuwa ta tafi, ta taɓa kama shi sosai a 1788 har majalisa ta fara shirin naɗa mai riƙo sai ya warke. A ƙarshen 1810 ɗiyarshi ta auta, Amelia, ta rasu, ciwon ya dawo kuma daga nan bai sake tashi ba, ga shi dama idanu sun riga sun tafi. Sarki na da rai, ba a tuɓe shi ba, amma ba ya iya sa hannu a takarda, kuma a tsarinsu doka ba ta zama doka sai da amincewar sarki. Shi ya sa a Fabrairun 1811 majalisa ta yi doka ta ba babban ɗanshi, shi ma Joji sunanshi, riƙon gadon. Shekarar farko an ɗaure mishi hannu, ba ya da ikon raba sarautu yadda ya ga dama, sai a 1812 anka sake mishi. Kula da jikin sarki kuwa ba a ba shi ba, uwar Yariman, Sarauniya Shalot, anka ba. Tsohon yana can fadar Winsa har ya rasu ran 29 ga Janairun 1820, ranar ne riƙo ya ƙare Yarima ya zama Joji na 4. Ko kuɗin da anka buga cikin waɗannan shekaru kan tsohon sarki ne a jiki. Mu nan kalmar riƙon ƙwarya ba baƙuwa ba ce gare mu, ƙwaryar ba taka ba ce, an ba ka ne ka riƙe, to ka sa wanga a ranka.

Ka ƙara da abu guda: a Ingila ta lokacin gwamnati na hannun firayim minista da majalisa ne. Jam'iyyu biyu ne, Wig da Tori. Yarima tun yana saurayi abokanshi ƴan Wig ne, sun sa rai da ya samu riƙo zai ba su gwamnati, sai ya bar ƴan Tori inda suke. Firayim minista biyu kawai za ka riƙe, Spencer Perceval wanda wani ɗan kasuwa mai suna John Bellingham ya harbe a harabar majalisa ran 11 ga Mayun 1812, shi kaɗai ne firayim ministan Birtaniya da anka taɓa kashewa, sai Lord Liverpool da ya gaje shi ya zauna har 1827.

Yanzu ga dabarar da ta fi yi mini aiki, ita ce ma dalilin rubutun. Ka ja layi tsakiyar shafi daga sama har ƙasa. Hagu ka rubuta Ingila da Turai, dama ka rubuta ƙasar Hausa. Shekarun da kake wahalar haddacewa ai shekarun Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ne da ɗanshi Muhammadu Bello, labarin da kakanninmu ke ba mu tun muna ƙanana. An haifi Shehu a 1754 a Maratta, nan wajen Galmi cikin jaharmu ta Tawa, shekara shida bayan haka Joji na 3 ya hau gado, ka ga zamaninsu ɗaya. A 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a shekarar ne Napoliyon ya naɗa kanshi sarkin sarakunan Faransa. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu, a shekarar ne sojan Ingila sunka sauka Fotugal don yaƙar Faransa. A 1812 Shehu ya raba jagoranci tsakanin ƙaninshi Abdullahi da ɗanshi Bello, can kuma an harbe Perceval, Napoliyon ya shiga Rasha ya yi asarar rundunarshi, Amurka ta ƙaddamar da yaƙi kan Ingila, duk shekara guda. A 1815 Shehu ya tashi daga Sifawa ya koma Sakkwato, can anka gwabza a Watalu ran 18 ga Yuni, Welintan kwamandan sojan Ingila da sojan Furusiya sunka karya Napoliyon karyawar ƙarshe. A 1817 Shehu ya rasu Bello ya zama Sarkin Musulmi, can kuma Gimbiya Shalot ɗiyar Yarima ta rasu wajen haifuwa. Da ɗiyata ta cika shafin ta yi shiru tana kallonshi, ta ce kawu ni da nike ganin abin kamar wata duniya ce can daban. To ba a ce abin da ya faru can shi ya jawo na nan ba, kar ka rubuta haka a jarabawa, ƙugiya ce kawai ta rataya shekaru, abin da ka sani ya riƙe maka abin da ba ka sani ba. Layi na ƙarshe a ƙasan shafin ka bar shi fili tukuna, za mu dawo kanshi.

Daga nan ka raba shekaru taran gida biyu, ka yanka a 1815. Kafin 1815 yaƙi, bayan 1815 yunwa da bore. Kuma in kana son zaren da zai ɗinke maka su duka, ka bi farashin burodi.

Mu mutanen Adar ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san yadda gari ke zama in tiyar hatsi ta hau ana tsakiyar damina rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba. Talakan Ingila burodin alkama ne tuwonshi. Lokacin yaƙi Napoliyon ya yi ƙoƙarin toshe cinikin Ingila da sauran Turai, alkama ta yi tsada, a 1812 ta kai maƙura, masu manyan gonaki sunka yi kuɗi sosai, talaka ya sha wuya. A daidai lokacin ne masu saƙa na yankin Notingam sunka fara fita da dare suna farfasa injunan saƙa, tun 1811, abin ya bazu zuwa Yokshaya da Lankashaya, ana ce masu ƴan Lud don suna sa hannu a wasiƙun barazana da sunan wani Ned Lud. Sau da yawa za ka ji ana kwatanta su kamar jahilai masu ƙin ci gaba, ni ban yarda da wanga karatu ba, mutane ne masu sana'ar hannu da sunka ga ana amfani da inji ana karya masu lada ana fitar da kaya marasa kyau, ga burodi ya fi ƙarfinsu, ga doka ta hana su kafa ƙungiyar ma'aikata. Ka tambayi duk tsohon masaƙi ko maɗinki a kasuwar Tawa yadda ya ji da kayan waje masu arha sunka cika kasuwa. Majalisa dai a 1812 ta mai da fasa inji laifin kisa, kuma a Janairun 1813 an rataye mutane a birnin Yok.

Yaƙi ya ƙare kowa na zaton sauƙi ya zo. Masu gonaki, waɗanda su ne sunka cika majalisa, sunka ji tsoron alkamar waje za ta karya farashi, sai sunka yi dokar hatsi ta 1815: ba za a shigo da alkamar waje ba sai farashin ta gida ya kai sule 80 a kan babban ma'auninsu da suke kira kwata. Ma'ana burodi ya zauna da tsada da gangan. Ga sojoji da matuƙan jiragen yaƙi dubun dubata an sallame su sun dawo ba aiki. A 1816 kuma majalisa ta soke harajin kuɗin shiga wanda masu hali ke biya, nauyi ya koma kan harajin kayan masarufi da kowa ke saye. Kamar duk wanga bai isa ba, dutsen Tambora a Indonesiya ya yi aman wuta a Afrilun 1815, ƙurarshi ta rufe sama, shekarar 1816 Turai ba su ga lokacin zafi na kirki ba, sanyi da ruwa sunka lalata amfanin gona. In ka jera waɗannan huɗun, dokar hatsi, sallamar soja, haraji, mugunyar shekara, ba sai ka haddace dalilin bore ba, kai da kanka za ka faɗe shi.

Boren ya kai maƙura ran 16 ga Agustan 1819 a filin Sent Pita na Mancesta. Mutane wajen 60,000 sunka taru, maza da mata da yara, da yawa cikin kayansu na ranar Lahadi, don su saurari wani mai jawabi Henry Hunt kan a gyara zaɓe. Dalilinsu a fili yake, Mancesta da duk girmanta da masana'antunta ba ta da wakili nata ko ɗaya a majalisa, alhali wani kufai mai suna Old Sarum da masu zaɓenshi ba su cika tafin hannu ba yana tura wakilai biyu. Mahukuntan gari sunka tura mahaya dawaki da takubba cikin taron, mutum goma sha wani abu sunka mutu, ɗaruruwa sunka ji rauni. Jaridu sunka laƙaba wa ranar suna Pitalu, wato an haɗa sunan filin da Watalu, don a nuna takubban da anka yi alfahari da su a yaƙi yau kan ƴan ƙasa sunka sauka. Yarima ya aika wa mahukuntan da godiya. Gwamnati ta biyo da dokoki shida na takura taro da jaridu. Gyaran zaɓen bai zo ba sai 1832.

Shi kanshi Yariman fa? Ka san shi, amma kar ka bari ya cinye maka shafi. An haife shi 1762, mutum ne mai son gini da zane da sutura da ci da sha, ga bashi kamar ƙasa. Ya yi auren ɓoye da wata bazawara ƴar ɗarikar Katolika, Maria Fitzherbert, a 1785, auren da doka ba ta yarda da shi ba don babu izinin sarki. A 1795 ya auri Karolin ta Burunswik, babban dalili don majalisa ta biya mishi bashi, ba su jitu ba ko kaɗan, ɗiya guda sunka haifa sunka rabu. Ɗiyar nan ita ce Shalot da na ambata, ita jama'a ke so, ita ake sa ran za ta gaji gado, da ta rasu a Nuwamban 1817 tare da jaririn sai anka duba anka ga duk ƴaƴan tsohon sarki babu mai ɗan halak da zai gada, ƙannen Yarima manya da furfura sunka bazama neman aure, daga nan ne anka haifi Biktoriya a Mayun 1819. Ka ja layi ƙarƙashin wanga, don ita ce sarauniyar da a zamaninta Turawa sunka yi rabon Afirka. Abin kirki da ya bari shi ne gine-gine, shi da magininshi John Nash, titin Rijent da lambun Rijent a Landan, da fadar shaƙatawa ta Buraitin mai ƙubbobi irin na Indiya wadda anka fara sake ginawa a 1815. Dubi shekarar da kyau. Ana zuba kuɗi a fadar bakin teku a shekarun da mutane ke rasa burodi, shi ya sa a Janairun 1817 yana dawowa daga buɗe majalisa anka fasa gilashin keken dokinshi. Ni dai a raina ba na iya yaba mutumin da anka ba amana a irin wanga lokaci ya fi damuwa da labule da fitilun fadarshi.

Sai maganar fina-finai da littattafai, inda mafi yawanku kunka fara jin zamanin. Ba na hana kowa kallo, amma ka kalla da tambaya a baki. Tambaya ta farko, kuɗin nan daga ina? Lissafin ba wuya, kakanninmu da sunka yi fatauci zuwa Sakkwato da Kano sun san shi, kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. In ka ji an ce wane yana da fam dubu kaza a shekara, galibi kuɗin hayar gonaki ne da manoma ke biyanshi, ko ruwan bashin da ya ba gwamnati, wato dokar hatsin nan aljihunshi take karewa. Sukarin da suke zubawa a shayi kuma daga gonakin rake na tsibiran Karebiyan yake, bayi ƴan Afirka ke noma shi. Ingila ta hana fataucin bayi a 1807 amma bautar kanta ba a yi dokar soke ta ba sai 1833, ke nan duk tsawon riƙon ƙwaryar nan akwai bayi a ƙarƙashin tutarsu. Wanga kar ɗalibin Afirka ya tsallake shi a ekspoze.

Tambaya ta biyu, mi ya sa kowace budurwa hankalinta da na uwarta ke kan aure haka? Nan ɗiyata ta fi tsayawa. A manyan gidajensu ƙasa da gida babban ɗa namiji ke gada, wani lokaci ma an ɗaure gadon ta yadda in babu ɗa namiji sai ya tsallake ɗiyan mata ya tafi ga wani ɗan'uwa na nesa, kuma mace in ta yi aure dukiyarta ta shiga hannun miji sai in an yi wata yarjejeniya ta musamman kafin ɗaurin aure. Mu da munka saba ɗiya na da rabonta a gado kuma sadakinta nata ne, sai an yi mana bayani kafin mu gane tsoron da ke ƙarƙashin rawar da kwalliyar. Da wanga a kai za ka karanta littattafan marubuciya Jane Austen da wani ido, littattafanta huɗu da sunka fito tana da rai duk tsakanin 1811 da 1815 ne, ta rasu a 1817, kuma na huɗun, Emma, Yariman anka sadaukar wa don fada ta nuna yana so. Tambaya ta uku gajera ce, wa ya ɗebo ruwan, wa ya kunna kyandirori, wa ya wanke fararen rigunan nan? Ka lura da su a bayan hoto.

In lokaci ya rage maka ka ƙara layi biyu kan ƙere-ƙere, fitilun gas a gadar Wesminsta a 1813, jaridar The Times ta fara bugu da injin tururi a 1814, fitilar Humphry Davy ta masu haƙar kwal a 1815. Sun isa.

Gwajin ƙarshe ba a kaye ake yin shi ba. Ka rufe komi ka tafi fada wajen abokanka lokacin da anka ɗora shayi, ka ba su labarin da Hausa. Kofin farko ciwon sarki da yadda anka ba da riƙo, na biyu yaƙi har Watalu, na uku burodi har Pitalu. Inda ka ji bakinka ya sarƙe ko ka koma Faransanci don ka rasa yadda za ka faɗa, nan ne ba ka gane ba tukuna, ka koma ka sake duba wurin kawai. Kuma duk shekarar da za ka rubuta a allo ka duba ta a wuri biyu, intanet cike yake da kurakurai.

To yanzu koma layin da munka bari fili a ƙasan shafi, ka goge layin tsakiya a wurin ka rubuta 1824. A shekarar ne wani hafsan jirgin ruwa ɗan Sikotlan, Hugh Clapperton, wanda ya ratso Sahara daga Tarabulus ta Barno da Kano, ya iso Sakkwato ya zauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sunka yi ta hira kan addini da ciniki da hanyar kogin Kwara. Da zai koma Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga sarkin Ingila, kuma sarkin da ke kan gado a lokacin shi ne Joji na 4, Yariman nan namu mai riƙon ƙwarya. Clapperton ya sake dawowa Sakkwato, can ya rasu a 1827. Ɗiyata da wanga wasiƙa ta ce za ta buɗe ekspozenta, sannan ta koma baya zuwa 1811.